Yadda takardu suka ci min damina guda a binciken haihuwar jemagu a Sakkwato

A watan Janairu, hunturu na tsaka da busawa, aka liƙa sunayenmu a allon sashe, kowa da malamin da zai duba masa aikin digiri na biyu. Ni da niyyar tsutsar cikin awaki na shiga ofishin nawa malamin, don ita kowa ke yi: ka yi sammakon mayanka, ka ɗebo abin da za ka ɗebo, wata uku ka tattara ka gama. Dakta ya bar ni har na kai aya, sannan ya nuna min taga da biro. Ya ce awakin Sakkwato sun gaji da ɗalibai, ga jemagu nan a mangwaron bayan ofis, ko na san watan da suke haihuwa? Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe. Ya ce to aikinka ke nan. Da na koma gida na faɗa wa Inna, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Duk dabbobin Allah ba ka ga na karatu ba sai wanda ke kwana kai ƙasa?" Wata 19 aikin ya ɗauke ni, kuma wata shida na farko ban taɓa jemage ko ɗaya da hannuna ba, ina ta yawon ofis-ofis. Wanda zai biyo wannan hanya bayana, ga yadda ta kasance daki-daki.

Matakin farko shi ne rubuta ƙudurin bincike, abin da ɗalibai ke kira furofozal. Na yi mako uku ina sauke takardu daga intanet, kuma kusan duk abin da ya faɗo hannuna na Turai ne da Amurka. Na kwashe na zuba. Na rubuta cewa jemagu na barbara da kaka, macen ta adana maniyyin namiji a jikinta ta shiga dogon barcin sanyi da shi, ba za ta saki ƙwai ba sai gari ya fara ɗumi, ta haihu a Yuni ko Yuli. Ba ƙarya ba ce, haka ƙananan jemagu masu cin ƙwari ke yi a Ingila da Jamus da Kanada, akwai ma waɗanda aka tabbatar maniyyin ya haura wata shida a jikin mace yana nan da ransa. Na ƙara da binciken Racey da Swift a Sikotilan, inda cikin wani ɗan mitsitsin jemage ya yi kwana 41 a 1978 amma ya kai 51 a 1979, saboda shekara ta biyun ta zo da sanyi, matan suka riƙa sanyaya jiki don tattalin ƙarfi, girman ɗan tayi ya ja baya. Ni a ganina na burge. Bayan kwana huɗu Dakta ya dawo min da takardar, ya ja jan biro a shafi na biyu ya rubuta tambaya guda: a cikin wace ƙanƙarar za su yi barcin a Sakkwato?

Zaman da muka yi ranar ya fi min duk laccar zangon amfani. Ya sauko da tsohuwar taswira daga kan kabad, ya kaɗe ƙurarta, ya ce in daina kallon sunayen ƙasashe, in kalli layukan da ke kwance, masu nuna nisan wuri daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Arewacin Sikotilan yana wajen digiri 57, Sakkwato digiri 13, Ile-Ife bakwai da rabi, Kampala kuwa kusan a kan layin take zaune. Ya tambaye ni ko ban taɓa jin mutanenmu da ke Ingila suna kukan tsawon azumi ba idan ya faɗo a Yuni. A arewacin Sikotilan yini kan kusa awa 18 a tsakiyar shekara, ya koma ƙasa da bakwai a Disamba. Mu nan, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta kamar awa ɗaya da rabi ne, wanda ke lura da lokacin magariba ya sani. Don haka a can tsawon yini da sanyi su ne agogon jemage, taga ɗaya gare shi ta haihuwa, in ya kuskure ta sai baɗi. Kana saukowa kudu tagar na faɗaɗa, har ka iske masu haihuwa sau biyu a shekara, wasu ma fiye, kuma a nan ruwan sama ne ke riƙe da agogon. Ya kawo misalin jinsin Miniopterus, masu dogayen yatsun fiffike. A Faransa ƙwai kan haɗu da maniyyi da kaka, amma ya yi watanni yana jira bai maƙale a bangon mahaifa ba, kuma wannan jira yana raguwa gwargwadon kusantar ikwaita. A Afirka ta Kudu kalandar gaba ɗaya juyewa take yi, haihuwa ta koma ƙarshen shekara.

Na ɗauka na gane, na ce ke nan jinkirin ciki harkar ƙasashen sanyi ce. Ya yi dariya ya ce kada in yi gaggawa. Babban jemagen nan mai launin kara, Eidolon helvum, wanda ke cika itatuwa a Akara da Ile-Ife, shi ne ya ɓata wannan lissafi. Wani mai bincike, Mutere, ya nuna a 1967 cewa a Kampala suna barbara tsakanin Afrilu da Yuni, ƙwan ya tsaya cak sai wajen Oktoba ya maƙale, su haihu Fabrairu zuwa Maris. Ainihin cikin kamar wata huɗu ne, sauran duk jira ne, a garin da bai san sanyi ba. Fayenuwo da Halstead sun ga irin wannan jinkiri a Ile-Ife a 1974. Dalilin, inji Dakta, shayarwa ta fi ciki cin jikin mace, kuma ɗa yana bukatar abinci a yalwace ranar da aka yaye shi ya fara neman na kansa. To macen lissafinta daga lokacin yalwa take fara shi ta dawo baya. Ya ce Sakkwato wuri ne mai daɗin tambaya, don damina ɗaya gare mu gajera, Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta a Agusta, sai rani mai tsawo. Sanyinmu bai isa ya kwantar da jemage ba, amma tagar abincinmu ƙarama ce. Ya rufe da gargaɗin da ban ɗauka da muhimmanci ba sai daga baya: lallai ragata ta kama jemagu ta kasance a daji kafin Afrilu.

Na sake rubutu, na kare ƙudurin gaban malaman sashe a makon farko na Maris. Tambayar da ta fi tsayawa ita ce jemagu nawa zan yanka, don tsofaffin bincike da feɗe mata aka yi su. Na ce ba zan kashe ko ɗaya ba, lalube ciki zan yi da yatsa, in duba nono, in auna nauyi, in saki. Wani farfesa ya ce to in rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙaramin ciki ba ya jin yatsa, kuma ƙwan da ke jira bai maƙale ba babu yadda za a yi in gano shi ta wannan hanya. Gaskiya ya faɗa, na rubuta. Gyaran kwana biyu ya ɗauke ni, amma sa hannu ɗaya ya ci mako uku, don mai hannun ya yi tafiya. A nan na tafka kuskurena na farko. Na zauna ina jiran wannan sa hannu kafin in nemi komai, alhali fom ɗin kwamitin ladubban bincike kan dabbobi yana nan a ofis, ba wanda ya hana ni karɓa in fara cikewa.

Kwamitin ba kullum yake zama ba, wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Na biya naira 10,000 a banki, na kai takardar banki ofishin kuɗi aka ba ni rasit, na haɗa kwafi uku na ƙudurin da fom da wasiƙar shugaban sashe, na miƙa ranar wata Litinin. Sakatariyar ta duba kalanda ta ce ai sun zauna Alhamis ɗin da ta wuce, sai wani watan. Na fito na zauna a gindin dogon yaro, zafin Afrilu na dukan ƙwaƙwalwa, ina kallon mangwaron bayan ofis, ina tunanin ƙila a daidai lokacin akwai mata masu ciki rataye a ciki. Da suka zauna kuma ba su amince kai tsaye ba. Sun dawo min da fayil da sharaɗi biyu: in kawo shaidar allurar rigakafin ciwon haukan kare, tawa da ta duk wanda zai taimaka min, sannan in fayyace minti nawa jemage zai yi a hannuna kafin saki. Haushi ya kama ni ranar, amma yanzu da na ga haƙoran jemage a kusa, na san ba su zalunce ni ba.

Allurar ita ma tafiya ce mai zaman kanta. Asibitin da na fara zuwa, ma'aikaciyar ta tambaye ni ina karen ya cije ni. Na ce bai cije ni ba, Hajiya, rigakafi nake so kafin in fara aiki. Ta kira abokiyar aikinta su biyu suna dubana. Daga ƙarshe wani likita ya fahimta, ya rubuta min takarda in sayo a babban kantin magani mai firij da sola, in kawo a yi min. Haka na riƙa ɗauko ta cikin fulas da ƙanƙara a kan kabu-kabu, ina addu'a kada mu tsaya a hanya. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura biyu, ranar farko da ta bakwai, amma fom ɗin kwamitinmu tsohon tsari ya rubuta, uku, ta ƙarshe a rana ta 21 ko 28, kuma ban ga amfanin jayayya ba. Mu biyu ne da ƙanena da ya yarda zai riƙe min tocila, allura shida ke nan, kuma ita ce ta fi komai cin aljihuna bayan raga. Likitan ya ƙara min da abin da ya dace kowa ya sani: akwai wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare da aka fara ganowa a jikin jemage a tsibirin Legas a 1956, kuma allurar ba ta ba da cikakkiyar kariya daga gare ta. Saboda haka safar hannu ta fata dole ce, in kuma aka yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a nufi asibiti, kada a ce ai an yi rigakafi.

Takardar kwamiti ta fito ƙarshen Mayu. Sai ma'aikatar jiha mai kula da gandun daji da namun dawa, don izinin kama dabba. Wasiƙata ta farko daraktan sashen na rubuta wa, aka ce ba haka ake yi ba, Babban Sakatare ake rubuta wa, shi zai sauko da ita. Na koma makaranta aka sake bugawa, aka sake sa hannu, kwana biyar sun tafi. Na kai rajista aka buga hatimin karɓa, kuma Allah ya taimake ni na sa aka buga a kwafina ma, domin bayan mako biyu da na dawo an nemi fayil an rasa. Wani dattijon masinja ne ya karɓi kwafin ya duba kwanan wata, ya ce, "Zauna nan, ɗana," ya shiga ya fita, ya dawo da shi daga ƙarƙashin wasu fayiloli na rabon dashen itace. Jami'in da ya yi min tambayoyi mutumin kirki ne, ya ce tunda ya fara aiki ba a taɓa zuwa neman izinin jemage ba, har ya tambaye ni ko gaskiya ne ta baki suke kashi. Na ce a'a, Yallaɓai, tsotse ruwan ɗan itace suke yi su tofar da tuƙar, ita mutane ke gani a ƙasa. Ya tambayi wata nawa nake so, ni kuma don kada in cika roƙo na ce shida. Kuskure na biyu ke nan. Mai son ganin zagayen haihuwa shekara cur yake bukata har da ɗori.

Takardar gwamnati ba ta shigar da kai lambun mutum da dare. Da farko na so in haɗa da ƙauyukan gabashin jiha don in sami wurare masu nisa da juna, amma halin tsaro ya sa Dakta ya soke su da kansa, muka tsaya kan lambunan fadama biyu da ke kusa da gari da wata makarantar firamare mai jemagu a silin. Na bi ta wurin hakimi, ya haɗa ni da mai gari, mai gari ya sa aka kira mai lambu. Na kai kwafin izini ofishin 'yan sanda, na kuma gabatar da kaina ga 'yan banga, don mutum biyu da tocila da dogayen sanduna a fadama ƙarfe ɗayan dare ba abin da za a yi wa kyakkyawan zato ba ne. Kuɗin goro a nan bai taka kara ya karya ba, gaisuwa da zama a tabarma su ne suka yi aiki. Mai lambun tsoho ne da ya haura saba'in. Da na gama bayani ya dube ni ya ce, "Wanga aiki naka ka makara, yaro. Masu ɗiya a ƙirji tun mangwaro na nuna munka gan su." Na ce to Baba, a raina kuwa ina cewa me tsoho ya sani game da cikin jemage.

Raga ita ce ta ƙarshe. Ba a samunta a kasuwa, irin mai siririn zare ce da ake kama tsuntsaye don bincike, sai da wani malami ya sa aka sayo min guda uku daga waje, suka yi mako shida a hanya. Wani abokina ya ba ni shawarar in yi amfani da ragar masunta, kada kowa ya gwada, tana yanka fatar fiffike. Sandunan gora, jakunkunan yadi da tela ya ɗinka min guda 30, ƙaramin sikeli mai ƙugiya, ma'aunin tsayi, tocilar goshi, duk waɗannan a gari na haɗa su cikin kwana biyu, kuma da na san haka ragar zan fara oda tun Janairu.

Daren farko ya faɗo a ƙarshen Yuli. Mun kafa raga tsakanin wani mangwaro da ɓaure kafin magariba, muka yi salla a bakin rijiyar lambu, sauro kamar ya ɗauke mu. Can bayan isha'i sai na fara jin wani sauti daga saman itace, ƙin, ƙin, ƙin, kamar ana buga ƙaramin ƙarfe a maƙera. Mazan jemage mai farin gashi a kafaɗa ne, Epomophorus gambianus, haka suke kiran mata. Ba a jima ba raga ta motsa. Minti goma na yi ina warware na farko, hannuna na rawa, shi kuma yana ta tauna safar. Fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, manyan idanu, ɗan farin gashi a gindin kowane kunne. Na buɗe fiffiken na haska tocila ta bayansa kamar yadda aka koya min, sai ga gaɓoɓin yatsun da ɗan fili mai haske, ƙashin bai gama haɗewa ba. Ɗan bana ne, har ya iya tashi da kansa. Ta biyu mace ce babba. Nonon irin waɗannan a gefen ƙirji yake, kusa da hammata, na duba na ga gashin wurin ya fara tsirowa, kan nonon ya yanƙwane, na matsa a hankali babu ko ɗigo. Ta shayar ta yaye. Na zauna a kan bokiti na rubuta a littafi, ƙanena yana tambayata me ya faru na yi shiru. Haihuwar da na zo gani an yi ta tun ina zaune gindin dogon yaro ina jiran kwamiti. Da safe na je na gaida Baba, na ce maganarka ta fito. Bai ce komai ba, ya miƙo min goro.

Daga nan dare uku nake yi kowane wata, ina kauce wa tsakiyar farin wata don suna ganin raga. A Oktoba, ruwa na ɗaukewa, na kama mace da ɗanta manne a ƙirji, ya kama nono da baki ya riƙe gashinta da farce. Ban ma auna ta ba, na ɗiga mata ruwan sukari a baki na rataye ta a reshe, ta yi jim sannan ta tashi da kayanta. Wannan ya dace da abin da aka rubuta kan wannan jinsi a Afirka ta Yamma, haihuwa biyu a shekara, ciki wata biyar zuwa shida, macen na sake ɗaukar wani jim kaɗan bayan ta sauke. Na silin ɗin makaranta kuwa, ƙananan nan masu wutsiya da warinsu ke cika aji, wata duniya ce daban. Cikinsu kamar wata biyu ne, suna iya jera haihuwa uku a shekara, ni ma cikin damina ɗaya na taɓa masu ciki fiye da sau ɗaya. Manyan masu launin kara baƙi ne a wurinmu. Suna biyo ruwa daga kudu, su yi 'yan watanni, kafin hunturu sun ɓace, don haka wanda ya ce zai bi cikinsu daga farko zuwa ƙarshe a Sakkwato kaɗai ya ɗauko abin da ba zai iya saukewa ba. A babi na biyu na aikina sai da na cire su.

Izinina ya ƙare ƙarshen Disamba. Sabuntawa ta fi neman farko sauƙi tunda fayil na nan kuma masinja ya san ni, amma duk da haka watan Janairu ya wuce ban kafa raga ba, kuma ramin nan yana cikin jadawalina har yau, mai jarrabawa daga waje sai da ya sa yatsa a kansa. Watannin sanyi kamun kaɗan ne, sai a kusa da rimi idan ya yi fure. Lissafin ruwan sama na wata-wata na nema a ofishin NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da wasiƙar sashe, na biya kuɗin da suka yanka, wannan bai ba ni wahala ba. Sai ƙarshen Maris na sami abin da na fito nema. Mace ce, nauyinta ya ɗara na sauran, na kwantar da ita a tafin hannu na sa babban yatsa da manuni a ƙasan haƙarƙari a hankali, sai na ji wani abu mai tauri, zagayayye kamar ƙwallon magarya. Kan ɗan tayi ne. Gari na zafin da ko da dare gumi ake yi, ƙasa ta bushe ƙayau, ba alamar hadari, amma mangwaro ya fara nuna, kuma ɗan da ke cikin nan zai fara tashi da kansa ne daidai lokacin da ruwa ya sauka. Na kira Dakta ƙarfe sha ɗaya na dare, abin da ban taɓa yi ba, ya ɗauka ya ce in sake ta maza in rubuta lokaci.

Wanda zai yi irin wannan aiki, ya fara da tambayar wane wata dabbarsa ke haihuwa a inda yake tsaye, sannan ya ƙirga wata shida baya, ranar ce ranar fara neman takardu. Kalandar littafin Turai ba ta aiki a nan, ta Kampala da ta Ile-Ife ma sai an gyara, don damina biyu ko doguwar damina ba ɗaya take da tamu ba, kuma jinsi biyu a lambu ɗaya kowa da lissafinsa. Ya nemi komai a lokaci guda: ranar da ya fara rubuta ƙuduri ya yi odar raga, ya fara allura, ya tambayi ranar zaman kwamiti. Kowace wasiƙa ya riƙe kwafi mai hatimi. Izini ya nemi na wata 14, in an rage masa an rage. Kuɗin da na kashe gaba ɗaya ya haura abin da na rubuta a ƙuduri sau biyu, mafi yawa a allura da raga da man babur, kuma farashin yanzu ya wuce na lokacin, don haka a tambaya sabo. Sannan ya zauna da masu lambu tun kafin ya rubuta shafi ɗaya. Ni sai da na ɓata wata shida da kuɗi masu yawa kafin na tabbatar da abin da Baba ya faɗa min kyauta a kan tabarma.

Ragar uku na bar wa sashe, ɗaya ta yage a Mayu lokacin da wata mujiya ta faɗa ciki. Akwai wata ɗaliba da ta karɓi sauran biyun, za ta bi na silin ɗin makarantar har shekara biyu, ta riga ta yi allurarta tun kafin a liƙa sunaye. Makon jiya na raka ta wurin mai gari, muka biya lambu. Baba ya dube ta ya dube ni, ya ce mata ta dawo da kayanta kafin mangwaro ya nuna, kuma ta zo da maganin sauro, don wancan yaron bai zo da shi ba.